Gudu ko Daidaito: Tambayoyi da Amsoshi kan Harsashin Farautar Dabbobin da ke Ɓarna a Gona

Duk shekara idan gyaɗa ta fara ƙosawa, masara ta yi goyo, sai maganar bindiga ta dawo majalisarmu a nan Kaduna. Wannan ya ce gafiya ta tone masa kunya goma a dare ɗaya, wancan ya ce kurege ya hana shi sakat tun ranar shuka, mai fadama kuma kukansa gyazbi ne da ke sare masa shinkafa da rake daga tushe. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wani abu. Samari suna kallon maharban Amurka a waya, suna ganin mutum ya zauna a ɗakinsa yana haɗa harsashinsa da kansa, sai su zo da tambayoyi, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke tsayawa: wanne ya fi gudu?

Na daɗe ina noma a gefen garin nan, ina riƙe da bindigar iska mai lasisi, kuma na ba wannan fanni lokaci mai yawa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini da abin da nake amsawa.

Mene ne haɗa harsashi da hannu, kuma su wa ke yin sa?

Harsashin raifal abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, ɗan ƙyastun da ke gindinsa mai tayar da wuta, albarushi, sai kan harsashin da ke fita ya tafi. Idan aka harba, uku sun tafi, kwanso ya rage. A ƙasashe irin su Amurka, Kanada, Ostareliya da Afirka ta Kudu, doka ta bar maharbi ya sake cika wannan kwanson a gida bisa sharuɗɗan kowace ƙasa. Rage kashe kuɗi yana cikin dalilai, amma babban dalilin shi ne kowace bindiga da irin cimarta. Biyu za su fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya, wannan ta so wani harsashi, waccan ta ƙi shi.

Waɗanda suka fi nacewa a kan wannan aiki su ne masu harbin ƙananan dabbobi a filayen kiwo na Dakota, Wayomin da Montana a Amurka. Can akwai wani ɗan'uwan kurege da ke haƙa ramuka gari guda, akwai kuma dilar Amurka da ke kama 'yan tumaki. Fili ne fetal, ba itace ba tudu, dabba tana hango mutum daga nesa. Kuregen da za a harba bai fi kwalbar lemo girma ba, ga shi a mita 250 ko 300. A irin wannan nisa kuskuren da bai kai faɗin tafin hannu ba ya isa a rasa shi.

Malam, a nan Najeriya an yarda mutum ya yi?

Ba a yarda ba, kuma ina so wannan ya zauna da kyau kafin mu ci gaba. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau take aiki, ta hana kowa ƙera ko haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji, kuma hukuncin wanda ya saɓa ɗauri ne da ba ya gaza shekara 10. Mu mutanen Kaduna ma mun fi kowa sanin inda ake wannan aiki bisa doka, domin DICON, masana'antar makaman soja da aka kafa a 1964, a Kakuri take.

Dokar ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, irin su bindigar yaƙi da fistol, waɗanda lasisinsu a hannun Shugaban Ƙasa yake. Akwai na amfanin kai, wato bindigar tsuntsaye, raifal ta farauta da bindigar iska, lasisinsu yana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, wadda kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ta cewa a kanta. A lura, bindigar iska ma tana cikin lissafi. Da yawa suna ɗaukarta abin wasan yara su saya ba takarda. Riƙe harsashi kansa ba tare da lasisi ba laifi ne.

Saboda haka ba za ku ga awon albarushi ko sunan wani iri a nan ba. A jihar da ta sha wahalar da muka sha daga Birnin Gwari zuwa Chikun da Kajuru, ban ga mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan ba.

To in ba za mu yi ba, me zai amfane mu da saninsa?

Mutanen nan sun shafe kusan shekara ɗari suna gwaji, suna aunawa, suna rubutawa, kuma abin da suka gano ya shafi duk wani abu da ke fita daga bututu, har 'yar ƙwayar dalmar bindigar iska. Wanda ya fahimce shi zai san abin da zai saya, zai san yadda zai gwada, ba kuma zai ruɗu da lambar da aka buga a jikin kwali ba.

Amma ai harsashin da ya fi gudu shi ya fi kyau, ko ba haka ba?

Gudu yana da amfani na gaske, ba zan musa ba. Tun daga lokacin da harsashi ya bar bakin bindiga yake faɗuwa, don haka wanda ya isa da wuri bai faɗi da yawa ba, kuma ko ka yi kuskuren kimanta nisa da mita ashirin ba zai cuce ka sosai ba. Ƙarfin bugu kuma ya fi dogara ga gudu fiye da nauyi: ka ninka nauyi sau biyu ƙarfi ya ninku sau biyu, ka ninka gudu sau biyu ƙarfi ya ninku sau huɗu.

Sai dai tarihin abin yana da darasi. A 1935 kamfanin Winchester ya fito da .220 Swift, harsashin kasuwa na farko da ya haye ƙafa 4,000 a sakan, wato sama da mita 1,200. Ya yi suna ƙwarai, ya kuma yi ƙaurin suna wajen cinye bututu da wuri. A 1950 Remington ya kawo .222, wanda injiniyansa Mike Walker ya tsara, gudunsa bai ma kai mita 1,000 a sakan ba. Wannan mai sanyin gudun shi ya riƙe gasar daidaito shekara da shekaru. A 1973 Mac McMillan ya harba biyar da shi a yadi 100, tazarar da ke tsakanin tsakiyar hujin da suka fi nisa da juna a jikin takardar gwaji ba ta kai rubu'in milimita ba, kuma sai bayan shekara 40 aka sami wanda ya karya wannan tarihi. Da aka ture .222 daga kan kujerarsa ma, ba wani sarkin gudu ne ya ture shi ba, 6mm PPC ne na Louis Palmisano da Ferris Pindell da ya fito a tsakiyar shekarun 1970, shi ma matsakaicin gudu gare shi.

Masu gudu ba su mutu ba. .22-250 da Remington ya shigar kasuwa a 1965 har yau ana son sa, .204 Ruger na 2004 yana kai kusan mita 1,290 a sakan. Abin da maharban suka koya shi ne, a kowace bindiga akwai inda ƙarin gudu yake daina biyan kuɗinsa, kuma sau da yawa wannan wurin yana ƙasa da iyakar da aka yarda a kai.

Me ya sa ƙarin gudu zai ɓata saiti? Na ɗauka miƙewa zai ƙara yi.

A nan ne abin yake da daɗin nazari. Ka ɗauki dogon bututun ƙarfe ka buge shi da guduma, za ka ji yana rawa a hannunka. Haka bututun bindiga yake yi lokacin da albarushi ya kama. Bakinsa yana kaɗawa, kaɗan ne ƙwarai har ido ba ya gani, harsashi kuwa yana cikinsa na kimanin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne kamar lilo: idan lilo ya kai ƙarshen tafiyarsa yakan ɗan tsaya kafin ya juyo, a tsakiya kuwa a guje yake. Harsasan da suka fita daidai lokacin da bakin ke wannan ɗan tsayawar za su taru wuri ɗaya ko da gudunsu ya ɗan bambanta. Waɗanda suka fita yana tsakiyar kaɗawa za su warwatsu. Canza gudu yana canza lokacin fita, shi ya sa ƙari kaɗan kan iya buɗe huji maimakon ya tara su.

Na biyu matsi ne. Da ma'aunin da mai faci yake auna iskar taya, inda ƙaramar mota ke ɗaukar 32 ko kusa da haka, iyakar da SAAMI, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idar harsasai, ta sa wa .22-250 ita ce 65,000. Kusan ninki dubu biyu ke nan, a cikin ƙarfen da ke dab da fuskar mutum. Idan aka kusanci iyaka, matsi yana hawa da sauri fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Riba kaɗan, haɗari mai yawa.

Na uku juyi. Cikin bututun raifal akwai layuka a murɗe da ke sa harsashi ya riƙa juyawa don ya tafi da kansa a gaba. A .22-250 ta gargajiya juyi ɗaya ne a kowane inci 14, wanda a gudunta ya kai kusan juyi 190,000 a minti. Harsasan ƙananan dabbobi rigarsu ta tagulla siririya ce da gangan. In juyin ya yi yawa, ɗan rashin daidaiton nauyin da ke cikinsu sai ya bayyana, wani ma ya tarwatse a iska bai kai ko'ina ba, sai ɗan hayaƙi mai toka-toka a gani.

Na huɗu zafi. Albarushi mai yawa ta ƙaramin rami yana ƙona maƙogwaron bututu, wurin da harsashi ke fara kama layukan nan. Da zarar wurin ya zaizaye, daidaito ya tafi, sai an sake bututu.

In aka rage gudu, nawa ake asara?

Bari mu yi lissafi da .22-250 mai kan harsashi na giram 3.6, wanda ke fita da kusan mita 1,120 a sakan. Rage masa mita 30 a sakan. A yadi 300, wato mita 274, ƙarin faɗuwarsa ba zai kai santimita 3 ba, kuma faɗuwa ce da aka sani, ana gyara ta a madubin saiti sau ɗaya a wuce wurin.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. A ce mai sanyin yana tara hujinsa cikin santimita 1.5 a yadi 100, mai zafin kuma cikin santimita 4. A yadi 300 na farko yana cikin kimanin santimita 4 zuwa 5, na biyu ya kai 12. Wannan warwatsuwar ba ta gyaruwa da madubi, domin ba ka san ta inda na gaba zai bi ba. Kan kurege bai kai santimita 12 ba. Faɗuwar da ka sani abokiyar aikinka ce, warwatsuwar da ba ka sani ba ita ke sa a karya wa dabba ƙafa ta shige rami ta mutu a wahale. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, kuma ni a wurina wannan shi ne asalin dalilin neman daidaito.

Iskar hunturu fa? Ba gudu ne maganinta ba?

Rabin magani ne. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana iya ture wannan harsashin da muka ambata kusan santimita 25 a yadi 300, ka ga ta fi duk abin da muka lissafa a sama. Amma abin da ke sa iska ta ture harsashi ba tsawon lokacin tafiyarsa kawai ba ne, yawan gudun da ya zubar a hanya ne. Harsashi mara nauyi yana fita kamar walƙiya ya gaji da wuri. Mai ɗan nauyi da tsini, ko da ya fita a hankali, yana riƙe gudunsa, iska ba ta samun yadda take so da shi.

Misalin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙaramin .22 LR. Mai gudun mita 325 a sakan, wanda bai kai gudun sauti ba, iska ba ta ture shi kamar mai gudun 380. Dalili kuwa iska ta fi turjiya a daidai kewayen gudun sauti, mai saurin yana zubar da nasa da yawa a wurin. Shi ya sa harsasan gasa na wannan girman duk masu sanyi ne.

A watan Disamba da Janairu, in za ka gwada bindiga, yi da sassafe kafin iskar gabas ta tashi.

Zafin Kaduna yana shafar harsashi?

Ƙwarai kuwa. Albarushi mai zafi ya fi saurin ci, matsi ya hau, gudu ya canza, inda harsashi ke sauka ya matsa. A nan asubahin hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15, azahar ɗin Maris da Afrilu kuma ta haye 35. Harsashin da ke dab da iyaka a sanyi zai iya haye ta a bazara. Turawan Ingila sun san wannan tun zamanin mulkin mallaka. Lokacin da kamfanin John Rigby na Landan ya fito da .416 a 1911 don farautar Afirka, kwanso ƙato aka yi masa domin matsin ya zauna ƙasa, saboda albarushin wancan zamani yana tashi da zafin rana, kwanso ya maƙale a lokacin da ɓauna ta taso.

Ga mai lasisi a yau, abin yi mai sauƙi ne. Kada a bar harsashi a gaban mota ko cikin but da rana, a ajiye shi a inuwa inda ba laima, kuma saitin da aka yi a hunturu a sake duba shi kafin damina. Bindigar iska mai tulun iska ma ba a barinta a rana, kuma ba a cika ta da komai sai iska. Wanda ya sa mata iskar oksijin ta masu walda ya haɗa abin da zai fashe a hannunsa.

Na harba uku sun shiga wuri ɗaya. Shi ke nan na samu?

Tukuna, ɗan'uwa. Uku sun yi kaɗan, sa'a kaɗai tana iya tara su. Masu haɗa harsashi da yawa sun yi shekaru suna yabon wani haɗi saboda huji uku, da aka harba ashirin sai aka ga bai fi sauran ba. Harba goma aƙalla, ka maimaita wata rana, kuma kada ka cire wanda ya fanɗare ka ce kuskure ne, domin a gona ma zai fanɗare.

Ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka auna nisa da tef, ba da taku ba, ka canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, ka rubuta rana da yanayi. Masu hali suna da na'urar auna gudu, kuma abin da suke dubawa a jikinta ba wanda ya fi gudu ba ne, tazarar da ke tsakanin mafi sauri da mafi sanyi ce. Goma da suka fita da gudu kusan ɗaya sun fi goma masu zafi da kowanne ke da nasa.

Kawu, mu da ke da bindigar iska, ina wannan ya shafe mu?

Ku ya fi shafa, kuma a ganina ita ce ta dace da yawancin gonakinmu. Gonakin da ke kewayen Kaduna, ko ta hanyar Zariya ko ta Kachia, ba filayen Montana ba ne. Hekta ɗaya ce ko biyu, maƙwabci yana aiki a gefe, ga yara masu kiwo, ga hanya. Kurege da gafiya a mita 20 zuwa 30 ake samunsu.

A kwalin bindigar iska za ka ga an rubuta ƙafa 1,000 ko 1,200 a sakan da manyan lambobi. Da ƙwaya mara nauyi ta musamman ake samun wannan lambar. Ƙwayar bindigar iska kuwa mai siririn ƙugu ce da buɗaɗɗen gindi, an yi ta ne don ta tafi ƙasa da gudun sauti, wanda yake mita 343 a sakan a digiri 20, ya kai kusan 352 a digiri 35. In ta kusanci wannan sai ta fara tangaɗi, ga ƙara mai korar duk abin da ke gonar. Yawanci sun fi natsuwa daga mita 280 a sakan zuwa ƙasa. Saboda haka in bindigarka mai ƙarfi ce, ƙwaya mai ɗan nauyi za ka ba ta ta rage mata gudu, sai ka ga huji sun taru.

Dubi Ingila. Can bindigar iskar da ake riƙewa ba tare da takardar bindiga ba, ƙarfinta ba ya wuce jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne), wato kimanin mita 240 a sakan da ƙwayar milimita 4.5. Da wannan ɗan ƙarfin suke kashe zomo, ɓera da tantabarar daji a mita 30, domin a ka suke samu.

Abin da mai haɗa harsashi ke yi da ma'auninsa, kai da gwangwanin ƙwaya za ka yi shi. Sayi iri uku ko huɗu, ka gwada kowanne goma-goma a mita 25, ka riƙe wanda bindigarka ta so. Mai zagayayyen kai ya fi mai tsini daidaito kusan kullum. Wanda gindinsa ya lanƙwashe ka ware shi. Ni ƙa'idata ita ce, nisan da zan iya sa goma cikin faɗin murfin kwalbar lemo, nan ne iyakata a kan dabba. Na taɓa haye wannan iyaka sau ɗaya a kan wani zomo, na same shi a cinya, ya shige ciyawa ban gan shi ba sai washegari. Abin ya daɗe yana damuna, ban sake ba.

Wani abu kuma: kada a ɗiga man inji a ɗakin iska na bindiga mai sifirin don a ji ta yi ƙara. Man ne ke kamawa da wuta, yana lalata roba da sifirin, gudu kuma ya riƙa hawa da sauka.

Ƙwayar milimita 4.5 ko 5.5?

Ta 4.5 ta fi miƙewa, ta 5.5 ta fi nauyin bugu. Ga tsuntsu da ɓera ta farko ta isa. Ga gafiya da zomo na fi son ta biyu. Gyazbi babba yakan kai kilo huɗu ko fiye, kansa da ƙarfi, in ba kusa sosai ba tarko ya fi masa.

Mu fa muna cin abin da muka harba. Akwai bambanci?

Babba ma. Maharbin filayen kiwon Amurka ba ya cin kuregen ramin nan da ya harba, don haka yake son harsashi mai tsananin gudu da ke tarwatsewa a jikin dabba. Mu zomo da gyazbi tukunya za su. Irin wancan harsashin yana lalata naman, yana kuma watsa ɓurɓushin dalma da ido ba ya gani nesa da inda ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, yara kuma ta fi yi wa illa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Waccan daga dutsen zinare ta fito, amma dalma dalma ce.

A yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar, a nemo ƙwayar a cire. Kuma don Allah a daina ɗabi'ar nan ta zuba ƙwayoyi a baki ana jiran a ɗura, na ga yara da manya suna yi. In ka iske dabba da sauran rai, ka yanka ta nan take.

Tsofaffin maharba sukan ƙara albarushi a bindigar toka don ta yi nisa. Yana aiki?

Ƙara da hayaƙi suke ƙaruwa, da dukan kafaɗa. Bututunta ba shi da layukan murɗe, don haka nisanta na daidaito gajere ne ko me aka zuba, kuma ƙarfen da maƙeri ya yi amfani da shi ba a gwada shi da matsi ba. Akwai wani dattijo da muke maƙwabtaka da shi a gona, maharbi ne tun yana saurayi, yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu. Ya ce ranar birai ne suka dame shi, ya ce bari ya ƙara mata. Mafi muni shi ne fasa harsashin zamani a juye albarushinsa a bindigar toka. Wannan albarushin matsinsa ya fi ƙarfin bututun nesa ba kusa ba, fashewa yake yi.

Wane haɗari ne mutane suka fi mantawa da shi?

Abin da ke bayan dabba. Ƙaramin .22 LR yana iya tafiyar sama da kilomita 2, manyan sun fi haka nisa, ƙwayar bindigar iska ma tana tafiyar ɗaruruwan mita kuma tana fasa ido. Ƙasar rani mai tauri da duwatsun da muke da su suna sa harsashi ya yi tsalle ya canza hanya, ruwa ma haka. Kada a harba sama kan itace in ba a san abin da ke bayansa ba, kada a harbi motsi a cikin dawa. Sai ka ga dabbar da idonka, ka ga tudu ko ƙasa mai laushi a bayanta.

Fita da bindiga da fitila cikin dare kuwa, a halin da ake ciki, neman fitina ne. Jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya hango ka ba zai san gafiya kake nema ba. Ka sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona, lasisinka yana aljihu, ka yi aikinka da safe ko da la'asar.

Kowace dabba da ta shiga gona ana iya harbinta?

A'a. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa sun kare iri da dama, kuma farauta haramun ce a gandun Kamuku da ke Birnin Gwari. Wasu ma da ake kashewa ma'aikatan manomi ne: mujiya da shaho suna cin ɓera, bushiya tana cin ƙwari, tunku yana kama maciji. Birai kuwa, tsaro da kare da korar safe sun fi harbi amfani, ga bindigar iska ba ta kashe su, rauni kawai take yi musu. Jan-baki da ke sauka dubbai a kan dawa da shinkafa ba aikin bindiga ba ne sam, ma'aikatar gona ake kai wa rahoto.

Ɓerayen rumbu da na cikin gida fa?

Ajiye bindiga. Cikin gida akwai bango da siminti da ƙwaya za ta daka ta dawo, akwai yara. Ga kuma zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, wanda wani ɓera mai yawan nonuwa ke ɗauke da shi a fitsari da kashinsa, kuma ya fi tashi a rani. Harbi yana fantsama jininsa a inda ake ajiye abinci. Tarko da kyanwa su ne na wannan wurin, tare da toshe ramuka, ɗaga buhuna daga ƙasa, da zuba hatsi a durom mai murfi. Wanda tarko ya kama kada a ɗauke shi da hannu, a sa leda ko shebur, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, a wanke hannu da sabulu.